Curin zinariya mai zarra 25: me ya sa mazaunin kowace zarra yake sauya aikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar sinadarai a Ngaundere, gidanmu kuma a Garwa yake. Mahaifina maƙerin zinariya ne, tun ina yaro yake faɗa mini cewa zinariya ba ta tsatsa, ba ta shiga harkar kowa, shi ya sa take da daraja. Yanzu an ba ni aikin bincike a kan ƙananan curin ƙarfe, sai nake karanta cewa curin zinariya mai zarra 25 yana mayar da iskar kabon dayoksaid wani abu daban idan an sa masa lantarki, har ma wai sauya zarra ɗaya tak yana canja komai. Ta yaya? Kuma shin duk lokacin da curin ya ƙara ƙanƙanta, aikinsa ƙaruwa yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa bai yi kuskure ba. Zinariyar da yake narkawa a maƙerarsa ba ta son haɗa hannu da kowa, kuma masana biyu a Denmak, Hammer da Nørskov, sun bayyana dalilin a 1995: ilektiron ɗin da zinariya za ta miƙa ta riƙe baƙo da su sun nutse can ƙasa, sun cika, don haka iskar da ta sauka a kanta ba ta samun mariƙa. Amma tun 1987 Masatake Haruta a Japan ya nuna cewa idan aka niƙe ta ta koma 'yan nanomita kaɗan, aka shimfiɗa a kan tsatsar wasu ƙarafa, tana ƙone gubar kabon monoksaid ko a sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa. Nanomita ɗaya shi ne ka raba milimita gida miliyan. Curin da kake magana a kai, cibiyarsa kusan nanomita ɗaya ce.

Tambayarka ta biyu gajeriyar amsarta a'a ce. Amma bari mu fara daga kasuwa.

Ka taɓa zuwa karar shanu ta Adumri? Mai saniya da mai saye suna iya yini a wuri ɗaya ciniki bai faɗa ba, sai dillali ya shiga tsakani. Katalis dillali ne. Yana kama wannan, ya kama wancan, ya haɗa su, ya sake su, shi kuma ya koma yadda yake yana jiran na gaba. A harkar lantarki, cinikin shi ne miƙa ilektiron daga jikin ilektirod, wato sandar da lantarki yake shiga ta cikinta, zuwa ga ruwa ko iska. Raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin farashinsa na gaskiya bolt 1.23 ne, amma ba wanda ya taɓa samun aiki mai yawa a wannan farashi, kullum sai ka ɗora wani abu a kai. Abin da ka ɗora shi ne la'ada, kuma zafi yake zama ya tafi a banza. Duk wahalar da muke sha a wannan fage ta neman dillali mai ƙaramar la'ada ce, wanda kuma ba zai kai maka saniyarka ga wanda ba ka nufa ba.

Paul Sabatier, Bafaranshen Tulus da ya sami kyautar Nobel a 1912, shi ya kafa ƙa'idar dillalin kirki: kada riƙonsa ya yi sako-sako har baƙo ya zame, kada kuma ya yi tsanani har ya kasa saki. Zinariya riƙonta sako-sako ne. Filatinom, ga haidurojin, riƙonsa ya faɗa daidai, ga oksijin kuma ya ɗan zarce. Ka riƙe waɗannan biyu, don su za su warware maka batun ƙanƙanta.

Abu na farko da ƙanƙanta take yi lissafi ne kawai. Zarrar da ke tsakiyar ƙarfe ba ta ganin kowa sai 'yan uwanta, ba ta da amfani a ciniki. A curi mai zarra 309 da aka jera shi cikakke, 162 ne a waje. Mai 147, 92. Mai 55, 42. Mai 13 kuwa, 12 a waje, ɗaya a ciki. Ga filatinom, ƙarfen da duniya duka ba ta haƙo tan 200 nasa a shekara, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Kai da kanka ka san darajarsa, tunda ka ga yadda ake farautar katalizer na salansar mota a garejojin Garwa, wanda makanikan Najeriya suke kira indomi, saboda ɗan filatinom da faladiyom da rodiyom da ke ciki.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Zarrar cikin zinariya maƙwabtanta 12 ne, hannuwanta duk a cike. Ta kan shimfiɗaɗɗiyar fuska tana da 9. Ta gefe 7, ta kusurwa 6 ko ƙasa da haka. Duk wadda maƙwabtanta suka ragu, hannunta ya rage wofi, riƙonta ga baƙo ya ƙaru. To ka duba: zinariya da take fama da sako-sakon riƙo, yawan kusurwa alheri ne gare ta. Shi ya sa a wani aiki na 2009 da aka gwada curin zinariya masu zarra 11, 25, 55 da 140 wajen haɗa oksijin da haidurojin su zama ruwa, ƙaramin ne ya fi. Filatinom kuwa da riƙonsa ga oksijin ya riga ya zarce, ƙara masa kusurwa kamar ƙara wa miyar da ta ji gishiri gishiri ne. Oksijin ɗin zai manne a kusurwoyin ya ƙi tashi. Don haka a batirin haidurojin, idan aka auna aikin da kowane giram na filatinom yake yi, ana ganin yana hawa yayin da ake ƙanƙanta shi har wajen nanomita 2 zuwa 3, daga nan ya fara sauka.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce girma ne komai. Amma a ƙasa da nanomita biyu wani abu yana faruwa, kuma a nan nake so ka zauna da kyau.

Ƙarfe ya zama ƙarfe ne saboda ilektiron ɗinsa suna yawo kamar ruwan Binuwai a damina, ba tsani, ba mataki. Idan zarra suka ragu sosai, kogin yana tsinkewa ya koma matakala, kowane mataki da adadin da yake ɗauka. A zinariya mai rigar tayol, wato sinadari mai kan farar wuta da jelar kabon da ake lulluɓe curin da shi, an ga inda wannan iyaka take: curi mai zarra 279 yana nuna halin ƙarfe, mai 246 kuwa ya riga ya koma halin ƙwayar sinadari. Mai zarra 25 yana da rata ta kusan ilektiron-bolt (ma'aunin makamashin ilektiron) 1.3 tsakanin matakin ƙarshe da ya cika da na farko da yake wofi. Mai 38 ratarsa kusan 0.9 ce. Wannan rata ita take yanke a wane bolt curin zai karɓi ilektiron daga ilektirod, wato ita take yanke wani ɓangare na la'ada.

Kuma matakan suna cika ne a wasu lambobi: 2, 8, 18, 20, 34, 58. An fara ganin irin haka a curin sodiyom a 1984. Yi lissafin naka curin. Kowace zarrar zinariya tana kawo ilektiron ɗaya, 25 ke nan. Kowane tayol cikin 18 da ke rigarsa yana riƙe ɗaya, saura 7. Curin yana ɗauke da caji ɗaya na ragi, ya zama 8. Ya cika cif, shi ya sa idan kana dafa shi a kwalba sauran girma-girman suke lalacewa shi ya tsira. Mai zarra 102 da tayol 44 da rukunin Roger Kornberg suka warware siffarsa a Stanford a 2007, shi ma 58 ne.

Siffar mai 25 ɗin an gan ta a 2008, kuma ta ba mutane mamaki. Zarra ɗaya a tsakiya, 12 kewaye da ita. Idan kana son ka ga yadda 12 ɗin suka zauna, ɗauki tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari, kowane baƙin tabo mazaunin zarra ɗaya ne. Sauran zarra 12 ba a jikin cibiyar suke ba, an ɗaga su sama cikin maɗaurai shida, kowane maɗauri farar wuta, zinariya, farar wuta, zinariya, farar wuta, ya kama cibiyar da ƙafafu biyu kamar hannun tukunya. Ka ga zarra 25 ɗin nan iri uku ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba.

Me ya sa mazauni ya fi adadi? Ga shaidu uku.

Akwai wani curin zinariya mai zarra 25 shi ma, amma dogo, cibiyoyi biyu masu 13 da suka yi tarayya a zarra ɗaya, 13 da 13 a cire ɗaya. Rigarsa fosfin ce da tayol da kulorin, cajinsa na ƙari ne. Rukunin Rongchao Jin a Pittsburgh sun gwada su biyun a 2018 wajen mayar da kabon dayoksaid zuwa kabon monoksaid, mai siffar ƙwallo ya bar dogon a baya. Adadi ɗaya, ƙarfe ɗaya, jeri daban. Shi mai ƙwallon tun 2012 Douglas Kauffman da abokansa suka nuna cewa kusan duk lantarkin da aka ba shi yana tafiya ne ga kabon monoksaid, bai ɓata shi wajen yin haidurojin ba. Kada ka raina wannan iska don guba ce. Idan aka haɗa ta da haidurojin, da ita ake yin man fetur na haɗi, kamar yadda Sasol take yi a Afirka ta Kudu shekara da shekaru.

Ta biyu ita ce wadda na fi so. A 2017 rukunin Dongil Lee na Jami'ar Yonsei a Koriya ta Kudu suka cire zarrar tsakiya suka sa filatinom a gurbinta, 24 na zinariya da ɗaya. Idan ka kalli curin daga waje ba abin da ya sauya, cibiyar tana nan, maɗaurai shida suna nan. Amma filatinom bai kawo ilektiron cikin asusun ba, sai lissafi ya koma 24 a cire 18, saura 6. Curin ya zama mai jin yunwar biyu. Ratar ta tsuke ƙwarai, yana karɓar ilektiron cikin sauƙi, riƙonsa ga haidurojin kuma ya matso kusa da daidai. Curin da a da bai iya fitar da haidurojin sai da la'ada mai tsada ya shiga sahun gaba. Faladiyom a gurbin ma ya taimaka, amma bai kai filatinom ba. Mahaifinka ya san wannan ta hanyarsa, tunda ya san yadda ɗan jan ƙarfe ko azurfa suke sauya launi da taurin zinariya. Bambancin shi ne a maƙera gaurayen ya bazu ko'ina, a nan kuwa mun san kujerar da baƙon ya zauna. Azurfa idan ta shiga wannan curi ba tsakiya take zuwa ba, cikin 12 na kewaye take zama, kuma tasirinta daban ne.

Ta uku daga Tokiyo, rukunin Kimihisa Yamamoto, waɗanda suka ƙera wata ƙwaya mai rassa kamar bishiya da take ƙirga musu zarra ɗaya-ɗaya. Suka yi filatinom mai 12 da mai 13. Hankali zai ce mai 13, cikakke mai kyan siffa, shi zai fi. Mai 12 ne ya ninka shi fiye da sau biyu wajen aikin oksijin. Wanda ya cika ya natsu ba ya neman kowa, mai giɓi a jiki shi yake ciniki. Kuma ka lura wannan ya ci karo da abin da na faɗa ɗazu cewa filatinom yana lalacewa da ƙanƙanta. A wannan girma layin ba ya miƙewa, hawa da sauka yake yi daga zarra zuwa zarra, don kowane adadi da jerinsa.

Jan ƙarfe ma yana da labarinsa, a taƙaice. Wani curi mai zarra 32 da haidurojin 20 a cuse cikin jikinsa ya mayar da kabon dayoksaid asid ɗin fomik a ƙaramar la'ada, saboda haidurojin ɗin jikinsa ne yake fita ya kama kabon kai tsaye, ruwa kuma ya sake cike gurbin. A nan tsarin ya zaɓi abin da zai fito, ba sauri kaɗai ba.

To, ga inda gizo yake saƙa. Idan curin yana sanye da riga ta tayol 18, ta ina iskar take taɓa zinariyar? Lissafin kwamfuta ya nuna cewa cikakken curi mai rigarsa ba zai iya aikin a bolt ɗin da ake gani ba. Sai idan wani abu ya ɓalle. A 2021 mutanen Yonsei suka nuna cewa lantarkin da kansa yana tuɓe wasu tayol a farkon aiki, kuma zinariyar da ta fito fili a maɗauran ita take cinikin. Wasu masana kuma suna ganin a wasu yanayi jelar kabon ce kaɗai take yankewa, farar wutar ta zauna, ita ce ma dillalin. Har yanzu ana jayayya. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, siffar da ka gani a hoton lu'ulu'u hoton ango ne ranar ɗaurin aure, ba yadda yake a gona ba. A ƙarƙashin bolt, cikin ruwa, curin yana motsi, yana sauya jeri, kuma mai yiwuwa siffar da ba ta fi yawa ba ita take yin mafi yawan aikin. Anastassia Alexandrova a Kalifoniya ta daɗe tana jan hankali a kan wannan.

Rigar kuma ba shinge kaɗai ba ce. Mai doguwar jela tana toshe hanya tana rage gudun ilektiron. Mai ƙin ruwa tana korar ruwa daga fuskar, sai haidurojin ya ragu, kabon dayoksaid ya sami fili. Idan ka ce bari ka ƙone rigar duka da zafi don ka buɗe ko'ina, zarra za su yi ta rarrafe a kan kabon ɗin da ka shimfiɗa su, su haɗu su zama manya, ka wayi gari da abin da ka gudu. Cirewa kaɗan ta fi cirewa duka, kuma gano wannan kaɗan ɗin shi ne gwanintar.

Bari in ba ka labarin kaina, ko ka tsira daga abin da ya same ni. Lokacin da nake karatu a waje, na yi makonni ina murna da wani curi da kullum aikinsa na haidurojin yake ƙaruwa, yau ya fi jiya. Har na fara tsara yadda zan rubuta shi. Wata babbar ɗaliba a ɗakin gwajin ta leƙa kwalbar ta ce, wayar meye waccan a ɗaya gefen? Filatinom ce. Tana narkewa kaɗan-kaɗan cikin asid, tana tsallakowa tana sauka a kan curina. Ashe aikin wayar nake aunawa. Na sa sandar girafait, wato kabon, a madadinta, abin al'ajabin ya ɓace ranar nan. Duk takardar da ka karanta da take yabon sabon katalis na haidurojin, fara duba da me suka yi ɗaya ilektirod ɗin, sannan ka duba ko sun sake auna curin bayan aiki don su tabbatar yana nan da zarrarsa 25.

Game da amfaninsa gare mu, ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Ka san yadda wuta take yi mana idan ruwan Lagdo ya ja baya da rani, kuma ka san an kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. Rana muna da ita har ta yi yawa, ajiye ta zuwa dare ne wahala, kuma haidurojin ɗaya ce daga hanyoyin da duniya take nema. Amma injinan raba ruwa da ake sayarwa yau ba da waɗannan curi suke aiki ba. Nau'in alkali da nikel yake yi, nau'in asid kuma da ƙwayoyin filatinom da iridiyom. Curin da aka ƙirga zarrarsa ana yinsa ne miligiram-miligiram, zuwa giram idan an yi ƙoƙari, kuma gwajin awa goma ko ɗari ba ya gamsar da masana'antar da take son dubban awoyi. A ganina darajarsu ta makaranta ce. Katalis ɗin kasuwa taron ƙwayoyi ne, kowace da girmanta da siffarta, idan ya yi aiki ba ka san wace ta yi ba. A nan kuwa duk curin da ke kwalbar tagwaye ne, ka sauya zarra ɗaya ka ga abin da ya biyo baya. Darasin da aka koya a jikin zinariya shi ake so a kai wa nikel da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe.

Idan aikin naka zai kai ga gwaji, mai zarra 25 shi ne mafi sauƙin farawa. Hanyar ta samo asali daga ta Brust da Schiffrin ta 1994 a Libaful: gishirin zinariya, tayol, sannan sodiyom borohaidirai, a bar shi yana juyawa har marasa ƙarfi su lalace. Ba ka buƙatar babban inji kafin ka san ka same shi, na'urar auna shan haske ta isa. Za ka ga tudu wajen hasken da tsawon igiyarsa nanomita 400 ne, wani wajen 450, da wani mai faɗi wajen 670 zuwa 680. Idan ka ga tudu ɗaya wajen 520, ƙwayoyinka sun yi girma, sake farawa. Ka ajiye shi a sanyi nesa da iska, don oksijin yana ƙwace masa ilektiron ɗaya ya mayar da shi mai 7, kuma an nuna cewa cajin kaɗai yana sauya aikinsa. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu wannan ba zai ɗauki lokaci ba, ga firji kuma ba ya da tabbas idan wuta ta ɗauke. Ka riƙa auna hasken nasa kafin kowane gwaji da bayansa, ka rubuta ranar. Tayol kuma wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sodiyom borohaidirai yana fitar da haidurojin mai kama wuta, don haka kada ka buɗe su sai a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska.

In kuwa kayan ba su samu ba, siffofin waɗannan curi suna ajiye a rumbun bayanan lu'ulu'u na Kambirij, ana sauke su, kuma lissafin riƙon haidurojin a kan ƙaramin curi aiki ne da kwamfuta mai ɗan ƙarfi za ta iya idan ka gajarta jelar tayol ɗin zuwa kabon ɗaya, kamar yadda masu lissafi suka saba yi. Ka fara da cikakken curin, sannan ka cire tayol ɗaya ka sake, ka kwatanta lambobin biyu.

Idan ka je gida hutu, ka ɗauki ɗan kwalbar ka nuna wa mahaifinka. Ruwan ja-ja ne mai duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, ba ƙyalli ko kaɗan. Ina so ka rubuto mini abin da zai ce idan ka gaya masa zinariya ce.